Abin da Gara Ba Ta Ci Ba



Mu uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Waɗanda suka daɗe a zumuntarmu sun san mu. Akwai Yaya, wadda ba a raba ta da biro. Akwai na tsakiya, wanda in ya riƙe makirufo sai an yi da gaske kafin ya saki. Sai autarmu, wadda kullum tana bencin baya da littafi a cinya. Mun yi shawara mu rubuta wannan da baki ɗaya, domin duk wanda aka bar wa labarin shi kaɗai a cikinmu, kansa zai wanke. Labarin waƙa ne, irin wadda ake tsarawa baiti-baiti, a rubuta, a rera ko a karanta ba kiɗa. Mun ƙaunace ta tun ba mu san sunanta ba. Ta taɓa haɗa mu rigima da Babanmu, ta kusa raba mu da juna, kuma akwai ranar da kusan duk abin da muka rubuta ya zama ƙasa.

A gindin dutsen niƙan Kakarmu muka fara jin ta. Duk dogon hutu akan kai mu ƙauyen su Mama da ke gefen Zariya. Injin niƙa ya daɗe da zuwa garin, amma Kaka ta ce garin inji warin mai yake yi, don haka ita da dutsenta mutu-ka-raba. Takan durƙusa, ta zuba dawa, ta kama ɗan dutsen, sai waƙa ta tashi daidai da tafiyar hannunta. Hannu ya tafi, magana ta tafi. Hannu ya dawo, ta ja numfashi. Sai da muka girma Mama ta gaya mana cewa yawancin waƙar habaici ne ga wata maƙwabciya da ta rasu tun kafin a haife mu. Da dare kuma, bayan tuwo, sai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. In aka zo wurin waƙa a cikin tatsuniya dole mu yi amshi, in amshin bai yi ƙarfi ba ta tsaya cak. Sai ta dubi na tsakiya ta ce, "Kai maigida, tuwon da na ba ka bai ishe ka ba ne? Ɗaga murya!" Yaya da auta kuwa kishiyoyinta ne, ba ta raga musu.

Tun daga nan kunnenmu ya saba da abu biyu. Magana tana da taku kamar tafiya, kuma waƙa ba ta cika sai da mai amsawa. Na farkon mun riƙe shi. Na biyun mun yi shekaru mun manta.

A makarantar Lahadi ana ba mu ayar haddacewa kowane mako. Na tsakiya ne ya fara lura cewa in ayar daga Zabura ce, tana zama a kansa tun kafin mu isa gida, amma in daga wasiƙun Bulus ce sai ya kwana uku yana fama. A gasar haddar ƙarshen shekara Yaya ta zo ta ɗaya, aka ba ta biro da littafin rubutu mai shafi 40. Maimakon ta kai shi makaranta, sai ta rubuta "Waƙoƙi" a bangonsa ta tura ƙarƙashin katifa. Shi ne littafinmu na farko.

Sunan abin da muke yi sai a sakandare muka ji shi, a bakin malamin Hausa da ya koyar da mu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya nuna mana cewa layi ɗaya sunansa ɗango, baiti mai ɗango biyu ƙwar biyu ne, mai biyar ƙwar biyar, sautin da ƙarshen ɗangwaye ke komawa gare shi kuma shi ne amsa-amo. Ya koya mana auna gaɓa yana buga rula a tebur: "da" marar nauyi ce, "dan" da "dai" masu nauyi, haka ma duk gaɓar da aka ja wasalinta. Ya ce da yawa daga rubutattun waƙoƙin Hausa suna tafiya ne bisa ma'aunan da suka samo asali daga waƙar Larabci, irin su Mutaƙarab da Kamil. In ka kawo masa waƙar da ɗango ya karye, ba ya taɓa jan biro. Cewa zai yi, "Rera mu ji." Da ka zo wurin karayar, harshenka da kansa zai yi tuntuɓe.

Auta ce mai farauto mana littattafai. Takan tara kuɗin abincin makarantarta ta je wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari. Da haka Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu ya shigo gidanmu ba bango, sannan waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da na Sa'adu Zungur, waɗanda dukansu biyu suka rasu a 1958. A wurin Aƙilu muka ga kishin harshe, musamman a Hausa Mai Ban Haushi, inda ya yi wa masu cakuɗa Hausa da Turanci wankin babban bargo. A wurin Sa'adu muka ga waƙa tana iya tsayawa gaban manya ta yi muhawara kan makomar Arewa. Mawallafan nan Musulmi ne, mu kuwa 'ya'yan ikkilisiya, amma harshe ɗaya muka sha a nono, kuma ba ma jin kunyar cewa a hannunsu muka koyi sana'ar. A hankali kowa ya kama gefensa. Yaya ke tsarawa, na tsakiya ke haddacewa ya rera, auta ke karantawa ta ce wannan kalmar aro ce, a nemo ta gida.

Babanmu tela ne. Shagonsa a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin kwananmu. Duk wanda ya tashi a gidan tela ya san yadda makonnin kafin Kirsimeti da na kafin Sallah suke: ƙyallaye har bakin ƙofa, masu kaya suna sintiri, keke ba ya hutawa sai gab da asuba. Da ƙarar keken nan muke barci, da ita muke tashi. Lokacin da Yaya take ajin ƙarshe na sakandare, ta tsara waƙa ƙwar biyu mai baiti 9, ta sa mata suna Keken Baba. Ga baitin farko:

Keken Baba na kuka, dare ya yi nisa,
Yana ɗinkin rigar wani, ya manta da tasa.

Da ƙauna aka yi ta, Allah ya sani. Muka shirya na tsakiya zai rera ta a taron matasa na daren Kirsimeti, mu yi wa Baba ba-zata. Majami'a ta cika maƙil. Baba yana layin dattawa sanye da tsohuwar rigarsa mai ruwan toka, wadda wuyanta ya sha faci, wadda kowa a unguwa ya san ta. Da aka zo ɗango na biyu sai wani ya waiwaya ya dubi rigar, ya yi dariya. Dariya ta bi benci-benci. An yi tafi sosai a ƙarshe, mu kuwa daɗi ya ɗebe mu, ba mu ma lura cewa Baba ya riga ya fita ba.

A gida muka same shi zaune a duhu. Ya ce, "Wa ya rubuta?" Yaya ta ce, "Ni ce, Baba." Ya miƙa hannu, na tsakiya ya ba shi takardar, ya ninke ya sa a aljihu. Sannan ya ce, "Ni ban haifi maroƙa ba. Ina kwana a kan keke ne don ku zama mutane, ba don ku tsaya gaban dattawa kuna yi wa ubanku zambo ba. Kada in sake ji." Bai ɗaga murya ba. Da ma duka ya yi mana, da ya fi sauƙi.

Ba wai Baba ba ya son waƙa ba ne. Rediyon shagonsa ba ya mutuwa, kuma in aka sa Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa har gyaɗa kai yake yi. Amma a inda ya tashi, wanda ya tsaya gaban taro yana jera magana a kan wani, ko dai yabo yake yi don a ba shi, ko zambo don an hana shi. Jin mawaƙi a rediyo daban, ɗanka ya zama shi daban.

Ba mu daina ba, ɓoyewa muka koya. Littattafai suka bar ƙarƙashin katifa suka koma wani kwalin taliya a bayan ƙofa. Da farko tsoron Baba ne. Daga baya, gaskiya, ya zama hali, har da ɗan girman kai. Yaya takan kwana tana rubutu, in aka ce ta karanta mana sai ta ce, "Ba ta nuna ba tukuna." Na tsakiya ya fara nasa rubutun, amma ba ya nuna wa Yaya don kada ta gyara masa. Auta ma ashe tana yi, sai dai ta karanta manya da yawa har nata ya riƙa ba ta kunya. Waƙoƙin da suka taɓa fita daga kwalin 'yan kaɗan ne, su ma don larura: ta bikin wata ƙawar Yaya, ta sallamar wani ɗan zumunta da ya tafi karatu Jos, wadda muka karanta wa wani abokinmu a gadon asibiti, waɗanda muke rera wa Mama ƙasa-ƙasa tana suyar ƙosai da asuba, da wadda muka yi wa Kaka bayan rasuwarta, wadda Mama takan sa mu maimaita mata in kewa ta taso.

A shekarun nan ne auta ta gano dalilin da ya sa ayoyin Zabura ke zama a kan na tsakiya. Ashe waƙoƙi ne, guda 150, da tsari irin nasu. Amsa-amonsu na ma'ana ne: ɗango na biyu yakan sake faɗin na farko da wasu kalmomi, ko ya kawo kishiyarsa, ko ya ƙarasa shi. Shi ya sa ko da aka fassara su, kamar yadda muke da su tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, tsarin bai ɓace ba. Ta nuna mana Zabura 119 mai aya 176, an kasa ta kashi 22 bisa haruffan Ibrananci, kowane kashi aya 8. Ta nuna mana Zabura 136, inda amshi ɗaya ke dawowa a ƙarshen kowace aya har sau 26, tamkar na tatsuniyar Kaka. Ta nuna mana Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu ba kwaskwarima, kuma ita ce ta ba mu ƙarfin zuciyar rubuta abin da ke cinmu ba tare da mun yi ƙaryar farin ciki ba. Amma akwai abu ɗaya da muka karanta muka wuce. Fiye da 50 daga cikin zaburan nan suna ɗauke da ɗan rubutu a kansu da ke miƙa su ga shugaban mawaƙa. Wato da an gama su, wani ake ba ya kai su bakin jama'a. Mu kuwa namu kwali muke ba.

Da Yaya za ta tafi hidimar ƙasa, aka ce za a ba wata 'yar ƙanwar Mama ɗakin. Littattafan sun kai 14 a lokacin, waƙoƙin ciki sun haura 200, namu mu uku. Ranar tafiya, jaka a kafaɗa, Yaya ta ce wa na tsakiya, "Ka naɗe kwalin nan a leda ka ɗora a saman kabad. Kada ka bar shi a ƙasa." Ya ce to. Yana sauri zai je kallon ƙwallo, sai ya tura shi sito ya jingina da bango, wai in ya dawo zai gyara. Ya koma makaranta, auta ma ta koma tata, damina guda ta zo ta wuce a kan kwalin.

Wanda ya san gara ya san aikinta. Duhu take so da danshi, ta ƙasa take zuwa, kuma daga ciki take ci ta bar waje lafiya lau. Ranar da Yaya ta dawo, ko ruwa ba ta gama sha ba ta tambayi kwalinta. Muka shiga sito mu uku. Daga sama yana nan kamar yadda aka ajiye shi, har rubutun kamfanin taliyar bai goge ba. Na tsakiya ya sa hannu ya ɗaga, sai saman ya biyo shi, gindin ya zauna. Abin da ke ciki jar ƙasa ce, da 'yan ƙarafunan da ke riƙe tsakiyar littafi sun yi tsatsa, da guntayen takarda da ba su kai faɗin farce ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi mana wuyar rubutawa. Yaya ta ce, "Kai dama baki kawai gare ka. Wahalar wani ba ta dame ka ba, tafi kawai kake nema." Shi kuma maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya ce, "Waƙoƙin da ko mu ba ki bari mun ji ba? Ai gara ta yi miki kirki, ita kaɗai ce ta karanta su." Magana zarar bunu ce. Daga ranar har wata biyar, ban da "ina kwana" babu abin da ke haɗa su. A majami'a kowa da bencinsa. Auta ta zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke ci daga tukunya ɗaya, har ita ma ta gaji ta kama bakinta. Muna zuwa zumunta, muna jin koyarwa a kan gafara, kowannenmu yana ganin da ɗayan ake. Ko ɗango ɗaya ba wanda ya rubuta a watannin nan.

Mama ce ta kawo ƙarshen abin. Wani dare an ɗauke wuta, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye fitila, ta ce wa auta, "Kira mini yayyenki." Da muka zauna kowa yana kallon gefe, sai ta zaro sabon littafin rubutu ta tura gaban Yaya. Ba ta kiran sunan 'yar fari, don haka cewa ta yi, "Ke, ɗauki biro. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma wadda kuka yi wa Innata tana nan a kaina, gara ba ta shiga nan ba." Ta fara rerawa. A baiti na huɗu ta kakare, sai na tsakiya ya ɗora mata kafin ya tuna cewa fushi yake yi. Ya tsallake ɗango ɗaya, auta ta ce, "A'a, akwai na dutsen niƙa kafin wannan." Yaya tana rubutawa, hawaye na ɗiga a takardar. Kafin fitila ta mutu mun dawo da waƙa uku.

Muka ɗauki makonni muna bin sawu. Ƙawar Yaya ta lalubo bidiyon bikinta a tsohuwar waya. Abokin nan da ya yi jinya ya kawo baiti huɗu cif, ya ce su ya yi ta maimaitawa a ransa daren da za a shiga da shi tiyata, abin da ba mu taɓa sani ba. Wanda ya tafi Jos ya turo hoton takardar da muka ba shi, ashe tana cikin Littafin Waƙoƙinsa duk shekarun nan. Da muka ƙirga, waƙa 31 muka samu, wasu cikakku, wasu da giɓi. Sai auta ta ce mu dubi jerin da kyau. Duk wadda ta dawo, wadda aka taɓa faɗa wa wani ce. Daga cikin waɗanda muka ɓoye muna jira su nuna, ko ɗaya ba ta dawo ba. Yaya da ta tsara yawancinsu ma, ɗango ɗaya ko biyu kawai take iya tunowa.

Wannan ya sa muka sake duban wasu mutane da muka daɗe da sanin labarinsu. Aliyu Namangi na nan Zariya makaho ne tun yana ƙarami. A kansa ya tsara Imfiraji, ya rera, wasu suka rubuta, makafi da almajirai suka zaga da ita ƙasar Hausa. Fanny Crosby ta Amurka, wadda ta rasu a 1915, ita ma makauniya ce tun tana jaririya, ta tsara dubban waƙoƙin sujada a ka tana faɗa ana rubutawa, kuma har yau ana rera wasunsu da harsuna da yawa. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ba ta bar waƙoƙinta a takarda ba, ta koya wa matan da ake kira jaji, su kuma suka kai wa 'Yan Taru a ƙauyuka. Dukansu bakin mutane suka ba ajiya.

Saura ɗaya da ba wanda ya yi ƙarfin halin ambata. Keken Baba sau ɗaya aka rera ta a taro, shekara 9 kafin wannan lokaci, kuma tun daren nan ba mu sake furta ta ba. Wani dare muna baranda kusa da tagar shago, Baba yana ciki yana ɗinki, sai Yaya ta faɗi baitin farko ƙasa-ƙasa, ta ce, "Wannan kam ta tafi, a bar ta." Na tsakiya ya laluba baiti na biyu ya kasa. Sai keke ya tsaya. Muka yi tsit. Ta cikin taga muka ji muryar Baba, yana furtawa a hankali kamar mai karanto awon riga. Baiti na biyu, na uku, har na tara, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Yaya ta miƙe ta tsaya bakin taga ta ce, "Baba, takardar tana wurinku?" Ya ce, "Ta daɗe da mutuwa. A aljihun keke take, ina buɗewa ina ninkewa har ta rabu gida huɗu." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ba waƙar ce ta ɓata mini rai ba. Dariyar ce. Kuma ban san kuna kallona haka ba." Sai ya gyara tabarau ya ƙara da cewa, "Amma baiti na shida, ɗangon ƙasa ya fi na sama tsawo. Wando ne ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ki rage masa." Ya taka keke ya ci gaba da aikinsa.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu dai a daren nan a bakin wanda ya hana ta muka ji daɗinta. A nan barandar na tsakiya ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki gafarta mini, da na kwalin da na maganar." Ta ce, "Tashi. Ni ma na faɗi abin da bai kamata ba. Kuma maganarka ta gara, ko da ta yi zafi, akwai gaskiya a ciki." Washegari mu uku muka shiga shago muka roƙi Baba gafarar daren Kirsimetin nan. Mun gane cewa ko da ƙauna ka tsara waƙa a kan mutum, mutuncinsa kake ɗagawa a gaban taro, don haka shi ya kamata ya fara ji kafin kowa.

Ba za mu ce muku asarar ta zama riba ba. Akwai waƙoƙin da Yaya ta rubuta a shekarun da ta yi zaman gida tana jiran gurbin jami'a, waɗanda ta ce ba ta taɓa faɗin gaskiya kamar a cikinsu ba, kuma ba za su dawo ba. Har yanzu in ta shiga sito takan yi shiru. Na tsakiya kuwa ko tsohuwar jarida bai sake jinginawa da bango ba.

Yanzu akwatin ƙarfe muke amfani da shi, kuma muna ɗaukar hoton kowane shafi. Amma waya ma tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Don haka muka kafa wa kanmu doka: waƙa ba za ta wuce mako ɗaya a hannunmu ba a karanta wa wani ba, ko ta nuna ko ba ta nuna ba. Sau da yawa ma a wurin karantawar take nuna, domin harshe ne ke gano karayar da ido ya tsallake.

Mun san akwai irinmu da yawa a cikinku. Akwai masu rubutu a bayan takardar sanarwa, akwai masu tara baitoci a waya da lambar sirri a kai. 'Yan'uwa, ku fito da su. Ba sai a gaban majami'a ba. Ku fara da mutum ɗaya, ko mamarku ce tana tsintar shinkafa, ko ƙanin da zai yi muku dariya. Wanda bai taɓa gwadawa ba ya fara da ƙwar biyu, ya rubuta a kan abin da ke gabansa, ya rera da ƙarfi yana buga gaɓoɓin a cinya. Ku karanta na magabata, ku haddace abin da ya burge ku, domin wanda ba ya karatu kansa kawai yake maimaitawa. Wanda kuma ba ya rubutu, shi ma yana da aiki, ya zama mai amshi. Da Mama da Baba da abokin nan na asibiti ba su saurara ba, da yau ba mu da komai. Ranar Asabar bayan koyon waƙa mukan ɗan tsaya a gindin darbejiyar bakin majami'a mu karanta wa juna. Duk mai so ya zo da tasa, ko baiti ɗaya ne.

Kirsimetin da ya wuce mun haɗa kuɗi mun saya wa Baba shadda yadi biyar. Muka ce za mu kai wa wani tela, ya ce ba a isa ba, yana raye wani ya ɗinka masa riga. Ya auna, ya yanka, ya ninke ya ɗora a kan kanta. Har yau da muke wannan rubutu tana nan, domin kullum akwai kayan wani a gabanta. Yaya ta ce za ta ƙara baiti na goma. Baba ya ce ta fara gyara na shidan tukuna.

Ubangiji ya albarkace ku, ya ba kowannenku mai saurare. Amin.